Udun da Yaya Razinu Ya Aiko

Asabar, 1 ga Jimada Ula, shekara ta 912, Tiɗwan

Iskar gabas ta dawo da raɓarta. Danƙo ya ƙi bushewa, gwiwata ta ƙi lanƙwasuwa. Na yini ina feren kunnuwan udu, abin kiɗan nan mai kama da molo, na surukin alƙali, mutumin da ko zai shekara ɗari yana kaɗawa ba zai fitar da abin da kaza za ta tsaya ta saurara ba. Hamdun mai sirdi, maƙwabcin rumfata, ya leƙo ya ce in rage nishi, jakunan da ke wucewa suna amsa mini.

Nuzha ta ce wannan littafin ya fi ta jin sirrina, alhali ita na aura. Na ce mata awon katako kawai nake rubutawa a ciki. Da can haka ne.

Litinin, 3 ga Jimada Ula

Wannan kam sai na rubuta.

Da hantsi wata mata ta shigo da abu nannaɗe a bargo. Sunanta Muhja, mawaƙiyar biki ce daga Garnata, garinmu na ƙetaren teku, wata biyu da saukarta daga jirgi. Ta haura hamsin, haƙorinta ɗaya na gaba babu, muryarta kuwa sai ta cika kasuwa. Ta ce wuyan udunta ke motsi. Ina warware bargon, tun kafin idona ya gama gani, tafin hannuna ya riga ya gane bayan udun nan. Irin na gidanmu ne. Babu mai lanƙwasa katako haka sai Baba, sai mu biyu da ya koya wa.

Na tambaye ta wa ya yi shi. Ta ce, "Razinu na unguwar Bayyazin. Ya ce ƙaninsa yana Tiɗwan, kada in bar kowa ya taɓa sai shi. Ba kai ne Ya'ishu ba?"

Na ce ni ne. Na ce yana lafiya?

"Allah ya ji ƙansa. A azumin bara."

Ban san lokacin da na zauna a kan tarin sassaƙe ba. Ta yi mini ta'aziyya, na amsa yadda ake amsawa. Ta ce tana da bikin 'yar maginin tukwane ranar biyar ga watan gobe, da udun nan take ci take sha, wuya kawai ta kawo a gyara. Ta kai bakin ƙofa sai ta tsaya ta juyo.

"Babu abin da za ka tambaye ni, Malam Ya'ishu?"

Na ce babu. Ta tafi.

Talata, 4 ga Jimada Ula

Bari in faɗa wa takarda, tunda ba ta da baki.

Ƙalibi shi ne kututturen da ake gina bayan udu a kansa, salar katako bayan sala, har ya zama ƙwarya. Kowane gida da nasa, kuma shi ne muryar gidan. Namu na kakanmu ne. Baba ya bar wa Yaya Razinu, don babba ake bar wa, kowa ya san haka.

Shekarar da Garnata ta fita daga hannunmu na ce mu ƙetaro teku. Inna ba ta iya tafiya, ƙafarta ta riga ta mutu. Yaya ya ce shi ba zai bar ta ba, in je Allah ya tsare. Ranar Juma'a da safe ya goya ta zuwa kabarin Baba, kamar yadda ya saba. Kafin su dawo na farke katifar Nuzha, na cusa ƙalibin a ciki, na ɗinke, muka bi ayarin Almariya, inda ake shiga jirgi. Ban yi sallama da uwata ba, don in na tsaya sallama za a ga gurbin ƙalibi a ma'ajiyarsa.

Shekara goma sha huɗu ke nan. Ban aika ba, bai aiko ba. Duk udun da ya ba ni suna a garin nan a kan abin sata aka gina shi.

Yau na sauko da ƙalibin na jera shi da udun Muhja. Na auna da zare, na sake aunawa. Ko ƙwayar sha'ir babu tsakaninsu. Ashe Yaya ya sake sassaƙa wani da ka, daga abin da hannunsa ya riƙe. Na kasa sanin daɗi na ji ko kunya.

Laraba, 5 ga Jimada Ula

Wuyan bai karye ba. Danƙon da aka sa masa ne bai kai ya kawo ba, ɗan shafe kawai. Mutumin da ya taɓa sa ni kankare aikin kwana uku saboda kumfa guda a danƙo ba zai yi wannan sakacin ba. Da gangan ya yi, don udun ya nemi mai gyara.

Na gyara. Aikin rabin yini ne.

Alhamis, 6 ga Jimada Ula

Da azahar rana ta faɗo ta tagar rufi daidai kan fuskar udun, ta ratsa ta hujin ado na tsakiya. Na leƙa don in duba 'yan siraran takardun da muke liƙawa a ciki, a kan kowane haɗin sala, don su riƙe shi.

Akwai rubutu a kansu.

A gidanmu ba a yin haka. Farar takarda ake sawa, don kada a liƙe sunan Allah a cikin abin kiɗa. Ina da shekara tara na yanka tsohuwar takardar karatuna na liƙa, Baba ya zane ni har Inna ta shiga tsakani. Yaya na tsaye yana kallo ranar. Saboda haka ba kuskure ba ne. Kuma hannunsa ne, mai karkata hagu kamar mai jin barci.

Na gane dalili. Tun da aka ƙona littattafai a can, duk wanda aka kama da takardar Larabci a tashar jirgi sai ya yi bayani. Wa zai leƙa cikin udun tsohuwar mawaƙiya?

Layi uku kawai ake gani ta hujin. Na farko: "Ya'ishu, wannan daga ɗan'uwanka." Na biyu: "Inna ta rasu ranar Laraba, a shekarar da aka rufe masallacin unguwa." Na uku: "Kafin ta cika ta kama hannuna ta ce in gaya maka"

A nan ya shige ƙarƙashin fuska, inda ido ba ya kaiwa.

Juma'a, 7 ga Jimada Ula

Ta ce ya gaya mini me?

Lahadi, 9 ga Jimada Ula

Na ɗaura wa udun Muhja tsirkiyoyi na rataye shi a bango, tsakanin gogen wani makaho da udun surukin alƙali. Bayan azahar, kasuwa ta yi tsit, kowa ya tafi cin abinci, sai na ji ƙara. Bammu ce, babbar tsirkiya ta ƙasa, ita kaɗai take gurnani a hankali ba wanda ya taɓa ta. Haka Yaya yake yi da maƙogwaro in yana fere, baki a rufe, amo ɗaya ba hawa ba sauka, har sai na jefe shi da sassaƙe.

Na kira Hamdun. Ya zo yana suɗe yatsa, ya saurara, ya ce iskar gabas ce ke shigowa ta ƙarƙashin ƙofa. Ya ce, "Shekara nawa kana sana'ar nan, yau ne ka san iska na kaɗa tsirkiya? Ko dai tsufa ne ya zo da gardama?" Na ce to me ya sa sauran biyun ba su amsa ba? Ya ce su ba su da ladabi, kamar mai su.

Da ya tafi na sassauta bammun gaba ɗaya.

Litinin, 10 ga Jimada Ula

Na sake ji. Tsirkiyar a sake take, tana lilo. Ban gaya wa Hamdun ba.

Laraba, 12 ga Jimada Ula

Na gwada leƙa cikin udun da gutsuren madubin Nuzha a bakin tsinke. Ba ya shiga hujin, adon ya yi ƙanana, Yaya ya sassaƙa shi kamar ragar gizo. Na gwada karkata shi a rana ta kowace fuska har wuyana ya sage. Na samu ƙarin harafi ɗaya, shi ma ban tabbata ba.

Inna. Mace ce mai baki biyu, duka masu kaifi. In ta sa albarka sai ka ji kamar an lulluɓe ka da bargo. In ta yi fushi kuwa... Akwai mahaucin da ya zambace ta a awo, ta ce masa hannun da ya yi wannan ba zai ga daɗi ba, kuma unguwa ta shaida hannun ya kumbura. Wataƙila ƙaya ce ta soke shi. Amma na girma ina tsoron bakin nan.

Ni ne autanta. Takan ɓoye mini busasshen ɓaure a ƙullin zanenta, ta ce kada in nuna wa Yaya. Wannan ɗan ne ya bar ta a kan kabarin mijinta ya gudu da gadon wansa. In ta yafe, to. In ba ta yafe ba, da wane ido zan tashi ranar da za a tashe mu? Abin da ya tsaya mini ke nan, kuma amsar tana nan a bango, taku uku daga inda nake zaune.

Alhamis, 13 ga Jimada Ula

Nuzha ta lura ba na cin abinci. Ta yi kuskus da kifi, na tsakura na ture. Ta matsa, na gaya mata maganar rubutun, ban gaya mata ta ƙalibi ba. Ta ce to in tambayi matar mana ko za ta yarda a ɗaga fuskar, matambayi ba ya ɓata.

Na yi mata bayani kamar mai koya wa jahila. Fuskar udu siririya ce kamar ɓawon albasa. In an ɗaga ta an mayar, da wuya muryar ta dawo yadda take. Wannan shi ne na ƙarshe da Yaya ya yi, kuma shi ne abincin matar. Za ta ce a'a, kuma tana da gaskiya. Sannan za ta tambaye ni me nake tsoro a cikin saƙon uwata, sai in ce me?

Nuzha ta ɗauke kwanon. Tana bakin ƙofa ta ce, "Kwana tara na yi a kan katifar nan a jirgi, Maigida. Kana tsammani bayana bai san abin da ke cikinta ba?"

Shekara goma sha huɗu matar nan tana kallona ina gaya wa baƙi cewa Yaya ne ya ba ni ƙalibin da hannunsa. Na fita na zauna a rumfa.

Asabar, 15 ga Jimada Ula

Muhja ta zo dubawa. Na ce wuyan ya kama amma raɓa ta hana shi ƙarasa bushewa, ta ƙara mini kwanaki. Ƙarya ce, ya bushe tun ranar Juma'ar farko.

Ta ce bari dai ta gaishe shi. Ta ɗaure bammun, ta daidaita sauran, ta zaro gashin gaggafa daga ɗankwalinta ta fara kaɗawa. Wallahi ban taɓa yin udu mai irin wannan murya ba, kuma ba zan yi ba. Ƙasa-ƙasa take, ba ta ihu, amma sai da mai tallan gawayi ya sauke kayansa a ƙofa. Hamdun ya tsaya da basilla a hannu. Wata tsohuwa 'yar garinmu da ke wucewa ta jingina da bango tana share ido, don waƙar bakin kogin Hadarru ce, wadda 'yan mata ke yi wajen wanki.

Bayan ta gama ta ba ni labarinsa guntu-guntu. Waɗanda suka ci garin sun sa masa wani suna irin nasu, ba ya amsawa sai an kira sau uku. Ya koma sassaƙa cokula da molayen da masu mulkin ke so. Bai sake aure ba bayan rasuwar matarsa. Wannan udun a ɗakin ƙasa ya yi shi, wata bakwai, yana tari. Ta ce yakan yi maganata. Na so in ce me yake cewa, ban tambaya ba.

Ta ce, "Shi ke nan?"

Na ce shi ke nan, ta dawo farkon wata.

Talata, 18 ga Jimada Ula

Kullum bayan azahar. Na juya fuskarsa bango, na lulluɓe shi da bargonta. Har yanzu.

Juma'a, 21 ga Jimada Ula

A masallaci liman ya yi huɗuba a kan haƙƙin iyaye. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as, na ji kamar da ni yake. Na fito kafin a gama gaisawa.

Na ƙare udun surukin alƙali, ya zo ya karɓa, ya kaɗa mini. Allah ya ba maƙwabtansa haƙuri.

Litinin, 24 ga Jimada Ula

Na ɗaga fuskar udu ta fi ɗari a rayuwata. In na yi a hankali, in na mayar da ita daidai kan tsohon gurbinta, wa zai sani? Kunnen Muhja zai sani. To amma wataƙila kaɗan ne. Kuma saƙon nawa ne, da sunana aka fara shi. Ba sata ba ce mutum ya karanta wasiƙarsa.

Haka na yi ta gaya wa kaina ranar ƙalibi ma, cewa ni na fi buƙatarsa.

Laraba, 26 ga Jimada Ula

Na yi.

Da safe, Nuzha ta tafi gidan wanka, Hamdun ya tafi kasuwar fatu. Na rufe rumfa daga ciki. Na ɗora ruwa a wuta, na zafafa siririyar wuƙa, na jiƙa tsumma da ruwan zafi na shimfiɗa a gefen fuskar yadda nake yi kullum, don danƙo ya yi laushi. Na kara bakin tukunyar kusa don tururi ya taimaka. Ina sauri, ina sauraron ƙofa.

Wuƙar ta shige da sauƙin da ya kamata ya tsayar da ni. Ban tsaya ba. Na zagaye, na ɗaga.

Cikin ya cika da tururi, ya yi gumi ko'ina. Sala goma sha biyar, haɗi goma sha huɗu, kowanne da layinsa daga wuya har gindi. Na ga wasiƙar gaba ɗayanta, na rantse na gan ta, tsawon numfashi ɗaya. Sai layukan suka fara tafiya. Ba tawadar kirki ba ce irin wadda ke kama takarda, ta baƙin fitila ce da ƙaro, irin wadda ake wankewa. Ina zai samu ta kirki a garin da sayen tawada ke jawo tambaya? Baƙin ruwa ya riƙa gangarowa ta kowane gefe zuwa tsakiyar ƙwaryar. Na kai hannun rigata in tsane, na ƙara dagula shi. Na hura da baki kamar mahaukaci.

Abin da ya tsira yana can sama kusa da wuya. Kalma biyu a layi ɗaya: "kada ka". Ɗaya a wani: "ƙalibin". Shi ke nan.

Ruwan da ya taru bai fi cokali uku ba. Na tsiyaye shi a ƙaramin kofin da nake dama launi, na rufe da fata na ɗaure. Ban san me ya sa ba. Na kasa zubarwa.

Fuskar kuma ta sha tururi ta kanannaɗe a gefe ɗaya.

Alhamis, 27 ga Jimada Ula

Yau na duba bakin ƙwaryar da idon mai sana'a, abin da ya kamata in yi jiya. Danƙon fari ne, yana marmashewa a ƙarƙashin farce. An gauraya shi da garin alli. Danƙon gwaji ne na Baba, wanda muke sawa in muna so mu ji muryar udu kafin mu rufe shi dindindin. Yana riƙewa shekaru in ba a dame shi ba, amma busasshiyar wuƙa mai sanyi kawai yake jira, ya ɓalle ƙas, ba ruwa ba wuta. Mutum uku ne a duniya suka san shi, biyu sun mutu.

Da na ƙwanƙwasa gefen da farce sau ɗaya, da na ji. Yaya ya bar mini ƙofa a buɗe, ni kuma na haura ta katanga.

Asabar, 29 ga Jimada Ula

Na danne fuskar kwana biyu a ƙarƙashin dutse, na mayar, na ɗaura tsirkiyoyi. A ido ba a ganin komai. Na kaɗa. Udu ne dai, kamar na kowa. Kamar nawa.

Na zauna bayan azahar ina jira. Iska ta shigo ta ƙarƙashin ƙofa har ta kaɗa sassaƙe. Udun bai yi ƙara ba. Kwana ashirin ina roƙon Allah ya yi shiru, yau ya yi, kuma wannan ya fi wancan ciwo.

Talata, 2 ga Jimada Sani

Muhja ta zo. Na yi niyyar in miƙa mata in yi shiru. Ta zauna, ta zaro gashin gaggafar, ta kaɗa sau uku. Ta tsaya. Ta kifa tafinta a kan fuskar kamar mai taɓa goshin marar lafiya.

"Ka buɗe shi."

Na ce na buɗe. Daga nan bakina ya ƙwace, na gaya mata komai, rubutun, da Inna, da katifa, da tururi. Hamdun na jin mu ta bango, na sani, ban damu ba.

Ba ta yi ihu ba, da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta ce ranar da Yaya ya miƙa mata udun ya sa ta rantse a kan abu ɗaya. Ta faɗe shi da irin lafazinsa, har na ji kamar yana rumfar:

"In ya nemi izininki zai buɗe, ki ba shi, ki ce masa busasshiyar wuƙa, kada ruwa ya kusance shi. In bai nema ba, kada ki ce masa komai."

Ta ce ta yi masa gardama a lokacin, ta ce wannan ai mugunta ce, mutum da ƙaninsa. Ya ce mata ba mugunta ba ce. Ya ce, "Da ya tambaye ni ƙalibin nan, da na ɗaure masa shi da hannuna. Sau ɗaya nake so yaron nan ya tambaya."

Yaro. Gemuna ya yi fari fat.

Ta ce, "Sau biyu na tsaya maka a ƙofar nan, Malam Ya'ishu. Har na so in karya rantsuwa."

Na tambaye ta ko ta san abin da Inna ta ce. Ta ce ba ta nan a lokacin, ba ta karatu, kuma bai gaya mata ba. Ta yi wata 'yar dariya marar daɗi ta ce, "Yanzu kam ka iya tambaya."

Na sauko da udun da na fi ji da shi, wanda na ƙi sayarwa shekara shida, na ce ta riƙe. Ta gwada, ta ce zai yi biki. Ba ta ce yana da kyau ba. Ta nannaɗe na Yaya a bargonta ta tafi da su biyun.

Juma'a, 5 ga Jimada Sani

Ana jiyo bikin daga rumfa da la'asar. Nawa take kaɗawa, na gane shi. Mutane na ta guɗa, ba su san abin da suka rasa ba.

Hamdun bai tsokane ni ba tun ranar Talata. Ya ajiye mini zaitun a bakin ƙofa ya wuce.

Lahadi, 7 ga Jimada Sani

Ba wani abu. Na je gidan da Muhja ta sauka da hantsi, don dai in ji ko wuyan nawa bai motsa ba. Kofin na aljihuna, da ma can yana aljihuna tun ranar.

Ta fito tana tsintar wake a faranti. Na tsaya ina kame-kame a kan tsirkiya da raɓa. Daga baya na fito da shi na kwance fatar. Na ce daga cikin udunta ya fito, don haka nata ne. Na ce ina neman izininta in sha.

Ta ce, "Ba ka san ko albarka ce ko baki ba."

Na ce na sani ban sani ba.

"Sha, naka ne."

Ruwan ya kafe ya zama kamar laka, sai da ta ƙara mini ruwa daga tulu. Na yi bisimilla. Ɗanɗanon hayaƙi ne da danƙo, da ɗan ɗaci. Na ɗauraye kofin na shanye ɗaurayen ma.

Ko me Inna ta ce, na karɓa. Da tana gabana ma haka zan tsaya in ji, ba ni da ta cewa.

Na dawo gida Nuzha ta zuba miya. Na ci, na nemi ƙari.